Tunawa Da Peter Keefe, Dillalin Zakuna Biyar

Duk wanda ya daɗe da zama a Ikko, ko Badun, ko Fatakwal, lalle ya taɓa jin ana ce da wani "Voltron". In rigima ta ɓarke a tashar mota tsakanin kwandasta da fasinja, wani kuma can gefe wanda ba a kasa da shi ba ya yi wuf ya shiga yana tare wa ɗayansu faɗa, sai a ce ga Voltron ya iso. Haka nan samarin da ke kare iyayen gidansu na siyasa a intanet, ko da gaskiya ko ba gaskiya, da sunan nan ake yi musu ba'a. Kalmar ta zauna daram a bakin mutanen Kudu, har 'yan Arewa mazauna nan sun ɗauka. Amma in aka tare mutum goma daga cikin masu faɗinta aka tambaye su wane ne ya raɗa sunan ya kawo shi gaban yara, da wuya a sami ɗaya da zai ambaci Peter Keefe.

Shi dai Peter Keefe mutumin Amurka ne, an haife shi a garin Rochester ta Jihar Niyok ran 16 ga watan Nuwamba 1952, a garin kuma ya mutu ran 27 ga watan Mayu 2010 yana da shekara 57, bayan ya yi fama da ciwon daji na maƙogwaro. Ya fara aikin telebijin da sharhin finafinai a birnin St. Louis ta Jihar Missouri, sa'an nan ya koma kamfanin World Events Productions na Ted Koplar, wanda gidansu ke da tashar telebijin ta KPLR a birnin. To, St. Louis ba Hollywood ba ce. Kamfanin kuwa ƙarami ne, ba shi da masu zane, ba shi da kuɗin da zai ɗauki ɗaruruwan ma'aikata su zauna su zana katun tun daga farko. Abin da suke da shi shi ne ido, da sanin abin da kasuwa ke nema.

Kasuwar kuwa ga yadda take a lokacin. Ban da manyan gidajen telebijin uku na Amurka, akwai ƙananan tashoshi barjat a garuruwa masu cin gashin kansu, kowace tana bukatar abin da za ta nuna wa yara in sun taso daga makaranta. Masu shiri sukan bi su ɗai-ɗai suna sayar musu, kamar mai talla gida-gida. Sharaɗin da aka saba shi ne shiri ya kai kashi 65, don a nuna shi kwana biyar a mako har mako 13 ba a maimaita ba. Daɗin daɗawa, gwamnatin Shugaba Reagan ta sassauta ƙa'idodin talla a telebijin, a 1984 hukumar sadarwa ta ƙasar ta janye iyakar da ta sa a kan yawan talla, sai kamfanonin kayan wasan yara suka yi caa a kan katun. Wanda duk ke da katun mai yawa a hannu, mai araha, wanda kuma za a iya ƙera abin wasa da siffarsa, kakarsa ta yanke saƙa.

Irin wannan haja kuwa tana jibge a Japan. Tun 1963, sa'ad da Osamu Tezuka ya fara fitar da katun kowane mako a telebijin, masu zanen ƙasar suka ƙware a dabarun rage tsada. Fim na tafiya da hoto 24 cikin daƙiƙa guda, su kuwa sai su zana kamar 8 kawai su bar kowane ya daɗe, ko su tsai da jiki cik baki kaɗai ke motsi, ko su ajiye wani yanki mai kyau su riƙa maimaita shi kowane mako. Wanda ya kalli Voltron zai tuna yadda zakunan nan ke haɗuwa iri ɗaya sak a kowane kashi, baƙi ya zama ƙirji da kai, ja da kore su zama hannuwa, shuɗi da rawaya su zama ƙafafu. Yara suna tsalle suna murna, alhali kuwa tsimin kuɗi ne ya haifi wurin.

Keefe da Koplar suka ƙulla ciniki da kamfanin Toei na Tokyo a kan shirye-shirye uku na mutum-mutumin ƙarfe. Labarin da mutanen kamfanin suka sha bayarwa shi ne, ɗaya daga cikin ukun da suka zaɓa wani shiri ne mai suna Daltanious, wanda mutum-mutuminsa ke da kan zaki a ƙirji, sai suka aika cewa a turo musu mai zakin nan. Mutanen Toei suka ɗauka wani daban ake nufi, suka turo GoLion, mai zakuna biyar, wanda aka nuna a Japan daga watan Maris 1981 zuwa Fabrairu 1982, kashi 52, bai kuwa yi wani tashe na a zo a gani a gida ba. Da aka buɗe kaya aka ga ba shi aka yi oda ba. Wani da sai ya mayar ya nemi a sake masa. Su kuwa da suka zauna suka kalla, sai suka ga wanda ya zo bisa kuskure ya fi wanda suka nema, suka riƙe shi.

Daga nan aikin Keefe na ainihi ya fara, a nan kuma ake yaba masa, a nan ake zarginsa. Ba su tsaya bin maganar Japanawa kalma da kalma ba. Suka sa marubuta su dubi hoto su rubuta sabuwar magana da Turanci wadda za ta dace da motsin leɓe, suka ɗauko 'yan wasa suka sa murya, suka cire kiɗan asali suka sa nasu, suka naɗi sautin ta hanyar da yake fita ta lasifika biyu, abin da bai yawaita a telebijin ba a zamanin. Aka sake wa kowa suna. Duniyar Altea ta koma Arus, Gimbiya Fala ta koma Allura, Sarki Daibazaal na daular Galra ya koma Zarkon, matuƙan kuma suka zama Keith da Lance da Pidge da Hunk da Sven. Ran 10 ga watan Satumba 1984 aka fara nuna shi da sunan Voltron: Defender of the Universe, watau mai tsaron sammai da ƙassai, nan da nan kuwa ya shige gaban sauran shirye-shiryen yara da ake sayar wa tashoshi ɗai-ɗai.

Sauya suna ƙaramin abu ne in aka gwada da abin da aka yanke. GoLion na asali labari ne mai ɗaci. Yana farawa ne a shekarar 1999 ta cikin labarin, samari biyar sun dawo daga tafiya sararin sama sun tarar yaƙin duniya na uku ya ƙone duniya ƙurmus da makaman nukiliya, ba gida ba dangi, kafin su farfaɗo kuma aka kama su aka kai su bauta. Akwai bulala, akwai jini, akwai bayin da ake jefa wa dodanni. Mutanen da suka zana wannan 'yan ƙasar da aka jefa wa bom ne a Hiroshima da Nagasaki a 1945, shekara 36 kacal kafin shirin ya fito, ba abin mamaki ba ne su ga ya dace 'ya'yansu su san cewa yaƙi na cinye gari da mutanensa. A Voltron duk an share wannan. Duniya tana nan lafiya lau, har ita ce hedkwatar rundunar da ta aiko samarin. Sojojin abokan gaba da ake kashewa aka riƙa cewa ai na'urori ne, ba masu rai ba. Watau yaran ƙasar da ta jefa bom ɗin su ne aka ga bai kamata su ji labarinsa ba.

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na Sven, matuƙin shuɗin zaki. A Japan sunansa Takashi Shirogane, a kashi na 6 kuma mayyar nan ta sarki ta kashe shi har lahira, 'yan uwansa suka binne shi, Gimbiya ta gaji zakinsa. A Voltron aka ce rauni ya ji, an kai shi wata duniya jinya. Can gaba a labarin asali sai ƙanen mamacin mai suna Ryo ya bayyana, kamarsu ɗaya. Faɗuwa ta zo daidai da zama, mutanen Keefe suka ce ai Sven ne ya warke ya dawo. Yara da yawa a Amurka da Nijeriya sun yi ta jiran dawowarsa, sun kuwa yi murna da suka gan shi, ba su san ƙanensa aka nuna musu ba.

Ba Keefe ne ya fara wannan sana'a ba, kada a ba shi abin da ba nasa ba. Fred Ladd, wanda ya mutu ran 3 ga watan Agusta 2021 yana da shekara 94, shi ya juya shirin Tezuka zuwa Astro Boy tun 1963, kashi 104 daga cikin 193, ya bi da Gigantor da Kimba the White Lion a 1966. Sandy Frank ya kawo Battle of the Planets a 1978. Carl Macek kuwa a 1985 ya ɗinke shirye-shirye uku da ba su haɗa komai ba, masu kashi 36 da 23 da 25, ya mai da su labari guda mai kashi 85 ya kira shi Robotech, don dai ya haye 65 ɗin nan da kasuwa ke nema. Macek ya mutu ran 17 ga watan Afrilu 2010, kwana 40 cif kafin Keefe.

Masu son katun na Japan tsantsa sun daɗe suna kiran waɗannan mutane mahauta, wai sun sa wuƙa sun daddatsa aikin wasu. Magoya bayansu kuma suna cewa ba don su ba, da Turawa ba su san Japan na zane ba. Duka biyun akwai ƙamshin gaskiya, amma akwai ma'aunin da ya fi dacewa da mutumin, wanda kuma fataken Alaba Rago da na Bodija suka fi kowa saninsa. Keefe dillali ne. Bai kiwata ba, bai zana ba, ya tsaya ne tsakanin mai kaya da mai saye waɗanda ba sa jin harshen juna, ya ci la'adarsa. Dillali kuwa ana duba ko ya cuci mai kaya, ana kuma duba ko ya faɗa wa mai saye gaskiyar abin da ya saya.

Wajen mai kaya, ba a ga inda ya ci amana ba. Sun nemi izni, sun biya. Da zakunan suka karɓu, aka kuma ga ɗaya shirin da suka juya, watau Dairugger mai motoci da jirage 15, yara ba su so shi kamar na farko ba, sai kamfanin ya koma wa Toei da kuɗi a hannu ya ce a zana masa sabon kashi 20 na zakuna waɗanda ba a taɓa yi don Japan ba. Da haka na zakuna ya kai 72, jimla duka 124. Hajar da ta yi kwantai a gida ta samo wa masu ita sabon aiki daga ƙetare. Ba kowane dillali ke komawa ruga ya ƙara wa makiyayi ciniki ba.

Yanke-yanken ma, ko da yake an yi asarar abu mai daraja, ana iya yi masa uzuri. Babu tashar da za ta yarda ta nuna jini da bulala ga 'yan firamare da la'asar a Amurka ta 1984, iyaye da masu talla ba za su bari ba. Zaɓin da ke gabansa shi ne a nuna yankakke ko kada a nuna sam. Uban da ke zaune da iyalinsa a ɗaki ɗaya a Agege, telebijin na kunne kowa na kallo, ya san amfanin a tace abu kafin ya iso gaban yara.

Inda uzuri ya ƙare shi ne ɓoye asali. An goge rubutun Japan, an goge sunayen Japan, an shirya abin yadda yaro zai tashi yana tsammanin a Amurka aka yi shi. Lalle zamani ne da Amurkawa ke ƙorafi motocin Japan sun cinye musu kasuwa, mai sayarwa kuma yana gudun abin da zai kori mai saye. Amma wanda ya sayi sa a kara yana da hakkin sanin daga inda aka koro shi. Sunan Katsuhiko Taguchi, wanda ya ja ragamar aikin GoLion, da na masu zanen da suka yi ta kwana a kan tebur a Tokyo, bai shiga kunnen yaran da suka haddace sunan kowane zaki ba. Wannan aibi ne, yawan nasarar da shirin ya samu kuwa ƙara masa girma ta yi.

Sai batun kayan wasa, wanda ba a cika son tunawa da shi ba. Tun a Japan an tsara zakunan ne yadda kamfanin Popy zai ƙera su da ƙarfe a sayar, a Amurka kuma kamfanin Matchbox ya ɗauki cinikin. Kowane kashi, in an duba, talla ce ta kusan rabin sa'a. A 1986 sai da aka janye waɗansu zakunan da aka ƙera a Taiwan daga kasuwa saboda an sami dalma fiye da kima a fentinsu. Ba Keefe ya shafa fentin ba. Amma wanda ya san abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba zai ɗauki wannan ƙaramin zance ba.

Nijeriya hannu na uku ta karɓa. A ƙarshen shekarun 1980 da farkon na 1990 tashoshin NTA suka riƙa nuna Voltron da yamma, zamanin da telebijin ba ya buɗewa sai wajen ƙarfe huɗu a ranakun aiki. A Idi-Araba da Obalende da Sabon Badun da Sabon Shagamu, gidan haya mai ɗaki goma wataƙila akwati ɗaya ne a ciki, yaran Hausawa da na Yarbawa da na Ibo su cika tagar mai shi, in ba a ɗauke wuta ba. Dalilin zuwansa nan bai bambanta da dalilin zuwansa St. Louis ba. Shirin da ya riga ya mai da kuɗinsa a wata ƙasa ana samunsa da araha, Naira kuwa tun daga 1986 ta kama hanyar faɗuwa, yin shiri a gida ya ƙara tsada. An yi ƙoƙarin na gida, don Tales by Moonlight ma a 1984 NTA ta fara shi, shekara ɗaya da Voltron, ya kuwa daɗe ana kallonsa. Sai dai ba wanda ya yi wa yaran nan abin da Keefe ya yi wa na Amurka, watau ya sa wa zakunan harshen da ake yi a gidajensu. Da Turancin Amurka suka iso, da shi suka zauna, yaro ya kama abin da ya kama ya cike sauran da ka.

Abin lura shi ne sana'ar Keefe yanzu tana nan a Kano. Finafinan Indiya, waɗanda 'yan kasuwa Kwarori suka fara kawowa gidajen silima na Arewa tun kafin a sami mulkin kai, an koma juya su zuwa Hausa a ɗakunan naɗar murya, ana raɗa wa jarumai sunaye na gida, ana sa musu karin magana da ba'a irin ta zaure. A shagunan tura finafinai na Mile 12 da Shasha ana cinikinsu kamar yadda ake yi a Fagge. Gwanintar kuwa ba ta gaza ta mutanen St. Louis ba, wani lokaci ma ta fi armashi. To, ma'aunin da aka auna Keefe da shi, shi za a auna su da shi. Dokar hakkin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta bar ikon fassara aiki ko sake masa fasali a hannun mai shi. Wanda duk ya juya fim bai nemi izni ba, ya gaza Keefe a inda Keefe ya yi daidai, ba kuma zai iya kai hajarsa wata babbar tasha ko wata ƙasa ba, don ranar da ta yi daraja ranar mai ita zai zo. Wanda kuma ya cire sunayen masu aikin asali ya manna nasa, ya maimaita laifin Keefe ba tare da uzurinsa ba.

Sa'an nan har yanzu yawancin ƙarfin masu juya muryar a kan finafinan manya yake ƙarewa, na faɗa da na soyayya. Yaron da aka haifa a Kudu, wanda ke jin Turanci a makaranta, Yarbanci ko Turancin buroka a layi, Hausa kuwa sai in uwa ta kira shi cin abinci, shi ya fi kowa bukatar katun da Hausa mai kyau, shi ne kuma aka fi mantawa da shi. Ƙungiyoyin 'yan kasuwar Arewa da ke Kudu, waɗanda ke iya tara kuɗin gina makaranta da sayen fili, ba za su kasa haɗa hannu da wani ɗakin naɗar murya a sayi iznin shiri guda mai kashi 52 a juya shi bisa ƙa'ida ba. Kamfanin da ya yi Voltron bai fi ƙarfin irinsu ba sa'ad da ya fara.

Keefe ya ci gaba da aiki bayan zakuna. Ya juya wani shirin Japan ya zama Saber Rider and the Star Sheriffs a 1987, ya yi Denver the Last Dinosaur a 1988, da Widget a 1990, amma ba wanda ya kama ƙafar na farko. A 2008, yana da rai, aka fitar da GoLion na asali a faifai a Amurka da muryoyin Japan da fassara a rubuce a ƙasa, magidanta masu shekara talatin da ɗoriya suka zauna suka ga jana'izar da aka ɓoye musu suna yara. A 2016 kuma kamfanin DreamWorks ya sake yin Voltron sabo fil aka nuna a Netflix, kashi 78 zuwa 2018. Masu sabon aikin, waɗanda da yawansu da na Keefe suka tashi, suka mai da sunan Altea da na Galra. Matuƙin baƙin zaki, shugaban tawagar, suka sa masa suna Takashi Shirogane. Lokacin Keefe ya shekara 6 da mutuwa.